Ko Tsohon Gida Yana da Wata Daraja Banda Kuɗinsa?

Kwanan baya waɗansu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suka zo wurina da wata magana wadda ta hana su barci. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu tsohon gida na ƙasa a bakin gari, da itatuwan mangwaro a bayansa waɗanda kakansu ya dasa. Gari ya yi ta girma har ya cim ma gidan. Wani attajiri ya taya, yana so ya rushe ginin, ya sare itatuwan, ya jera kantuna a wurin. Ƙanen ya ce a sayar, gama yana da 'ya'ya a makaranta, soron kuwa yoyo ya ke yi, kowace shekara sai an yi masa yaɓe. Wan ya ce shi kam ba zai sa hannu ba. Da na tambaye shi dalili sai ya yi shiru, can ya ce, "Fasto, ban san yadda zan faɗa ba, amma raina bai ba ni ba."

Ban raina amsarsa ba. Da yawa daga cikinmu muna jin abin nan a zuciya, amma in aka ce mu bayyana shi sai baki ya yi nauyi. Mai son sayarwa yana da lissafi a hannu, mai son riƙewa kuwa ba shi da kome sai nauyin zuciya, saboda haka kullum shi a kan kayar a wurin gardama. Tambayar ita ce: ko tsohon gida da itatuwansa suna da wata daraja wadda ba ta shiga cikin abin da mai saye ya taya? In suna da ita, wace iri ce, ina kuma iyakarta?

Domin mu auna maganar ba tare da son zuciya ba, bari mu kai hankalinmu wata ƙasa mai nisa, inda ba mu da rabo ko na taƙi ɗaya, mu dubi wani gida wanda labarinsa ya ke a rubuce.

Gidan Southwell

A ƙasar Ingila, cikin lardin Nottingham, akwai wani ƙaramin gari da a ke kira Southwell, mai tsohuwar babbar majami'a. A kan hanyar da ta bi ta kusa da majami'ar akwai wani ƙaramin gida irin na talakawa, da lambu a bayansa. A shekara ta 1809 wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford, wadda ta ke zaune a gidan da iyayenta, ta shuka waɗansu ƙwayoyi na cikin tuffa, watau ɗan itacen nan da waɗansu su ke kira aful. Ɗaya ya tsiro ya zama itace a lambun. Yarinyar ta yi girma, ta yi aure, ta bar gidan, ta rasu a 1852.

A 1846 wani mahauci mai suna Matthew Bramley ya sayi gidan, ya tarar da itacen a tsaye yana 'ya'ya. Bayan shekara 10, watau a 1856, wani saurayi ɗan shekara 17, Henry Merryweather, ɗan wani mai renon dashen itatuwa, ya ga 'ya'yan itacen nan manya manya, ya zo ya roƙi maigidan ya bar shi ya yanki rassa. Mahaucin ya yarda, amma da sharaɗi, sai an sa wa tuffar sunansa. Haka aka yi. Cinikin farko da Merryweather ya rubuta shi ne na ran 31 ga Oktoba, 1862, sa'ad da ya sayar da tuffa 3 a kan sule 2. Daga nan irin ya bazu. Tuffa ce mai tsami, ba a cika cinta ɗanya ba, dafawa a ke yi, in ta dahu kuwa sai ta narke ta yi laushi. Ita ce ta zama babbar tuffar dahuwa ta ƙasar Birtaniya duka, har a lardin Armagh na Ailan ta Arewa akwai gonakinta masu yawa.

Itacen na fari fa? A 1900 wata iska mai ƙarfi ta kayar da shi, yana da shekara 91. Amma bai mutu ba, wani reshe ya tashi daga kututturen da ya kwanta ya sāke zama itace. A 2002 aka lasafta shi cikin manyan itatuwa 50 na Birtaniya, domin tunawa da cikar Sarauniya Elizabet shekara 50 a kan gadon sarauta. A 2009, da ya cika shekara 200, aka sa taga mai gilashi masu launi a babbar majami'ar garin domin tunawa da shi. Wata dattijuwa da ta zauna a gidan ta yi shekaru da yawa tana lura da shi, tana buɗe wa baƙi ƙofa su gani, har rasuwarta a 2014. A 2016 aka ba da labari cewa wani irin naman kaza mai ruɓar da saiwa ya kama itacen, cutar kuwa ba ta da magani. A 2018 wata jami'a ta birnin Nottingham ta sayi gidan domin a ci gaba da jinyar itacen.

Abin da aure ya ke yi

Mai karatu zai ce, duk wannan hidima a kan itace ɗaya? Sai mu fahimci wani abu game da halin tuffa. In ka shuka ƙwayar tuffa mai daɗi, abin da zai tsiro ba zai yi kama da uwarsa ba. Kowace ƙwaya sabon iri ce, yawancinsu kuwa ba su da wani amfani. Hanyar da za a sami irin uwar sosai ita ce aure. Mu ma mun san wannan aiki, gama shi ne a ke yi wa mangwaro da lemo, har mu kan ce mangwaro mai aure. A kan yanko ƙaramin reshe daga itacen da a ke so, a tsaga wani ƙaramin dashe mai saiwa, a haɗa su, a ɗaure tam har su warke su zama jiki ɗaya. Saiwar ta wani ce, amma 'ya'yan na mai reshen ne.

To, ashe kowane itacen Bramley da ke cikin duniya ba jika ba ne ko tattaɓa-kunne na itacen Southwell. Yanki ne daga jikinsa, reshe daga reshe daga reshe, har a koma ga ƙwayar nan ɗaya da yarinya ta binne a 1809. Duk wanda ya taɓa cin wannan tuffa, daga lambun bayan gidan nan ya ci, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutanen garin ba su ɗauki gidan kamar sauran gidaje ba.

Maganar mai ƙin yarda

Amma kada mu yi saurin yanke shari'a. Ƙanen nan da ya zo wurina, da ya ji wannan labari, ga abin da zai ce, maganarsa kuwa tana da ƙarfi. Zai ce, "Kai da bakinka ka ce irin ya bazu. Tun a shekarun 1990 ma masanan Jami'ar Nottingham sun ɗebi 'yan ƙananan tsiro daga jikin tsohon itacen, suka rene su a kwalabe har suka yi saiwa, aka dasa su a wurare dabam dabam. In tsohon ya mutu gobe, ba wanda zai rasa tuffa. Me za a yi da gida da kututture? Kuɗin da a ke kashewa a kan jinyar itace mai mutuwa, ba gwamma a kashe shi a kan mutum mai rai ba? Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Akwai ma wani labari da zai iya kafa hujja da shi. A ƙasar Kanada, a wani ƙauye mai suna Dundela cikin lardin Ontario, wani manomi, John McIntosh, yana sheme a sabuwar gonarsa a 1811 sai ya tarar da waɗansu 'yan itatuwan tuffa a cikin jeji, ya ciro su ya dasa kusa da gidansa. Ɗaya ya ba da jajayen 'ya'ya masu daɗi. Wajen 1835 iyalin suka koyi yin aure, ɗansa Allan ya yi ta yaɗa irin. A 1894 gobara ta ci gidan, wutar ta ƙone gefe ɗaya na itacen. Ya yi 'ya'yansa na ƙarshe a 1908, ya faɗi a 1910. Gida ya ƙone, itace ya mutu, duk da haka tuffar McIntosh ba ta ɓace ba, har ma kamfanin Apple ya ari sunanta ya sa wa kwamfutarsa Macintosh wadda ta fito a 1984. Me aka rasa?

Gaskiya ne, ba a rasa tuffa ba. In darajar tsohon gida ita ce amfanin da ya ke bayarwa kaɗai, to, ran da amfanin ya ƙaura darajar ta ƙaura tare da shi, ƙanen kuwa ya ci gardama. Amma sai mu lura da abin da mutanen Dundela suka yi. A 1912, shekara 2 bayan faɗuwar itacen, suka tara kuɗi daga aljihunsu suka kafa dutsen tuni kusa da inda ya tsaya. Manoma ne masu lissafi, ba masu ɓarnar kuɗi ba. Dutse ba ya 'ya'ya. Me ya sa suka ga ba daidai ba ne a bar wurin ba alama?

Gida shaida ne

Ga amsar da na samu. Tsohon gida mai itatuwa shaida ne, abin da ya ke shaidawa kuwa shi ne bashin da ke kanmu. Mutum mai mantuwa ne, abin da ya fi saurin mantawa kuwa shi ne alherin da ya tarar a shirye. Wanda ya sayi tuffa a kanti yana tsammani kuɗinsa ne ya kawo ta. Ya biya mai kanti, mai kanti ya biya manomi, a ganinsa ciniki ya ƙare ba bashi. Amma akwai wadda ba a biya ba, ba kuwa za a iya biyanta ba: yarinyar da ta shuka ƙwaya ta rasu shekara 4 kafin wani ya yanki reshe na fari. Ba ta taɓa sanin abin da ta bar wa ƙasarta ba. Ko sunan ma bai zama nata ba, ya zama na mahaucin da ya sayi gidan bayan shekara 37. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A kasuwa sunan Bramley kaɗai a ke ji. Sai wanda ya je gidan, ya tsaya a lambun, ya tambayi wa ya shuka, shi ne za a faɗa wa sunan Mary Ann Brailsford. Kasuwa ta riƙe sunan mai gida, gidan kuwa ya riƙe sunan mai shuka.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san wannan al'amari. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal. Ba don a ƙara hayewa a kansu ba, aikin hayewa ya riga ya ƙare. An kafa su ne domin 'ya'yan da ba su ga ranar ba su gani su yi tambaya, iyaye kuma su sami dalilin ba da labari. Yaro ba ya tambaya a kan abin da bai gani ba. In an rushe gidan kaka an sare itatuwansa, ba tubali da itace kaɗai aka kawar ba, an kawar da abin da zai sa jika ya ce, "Baba, wa ya dasa wannan?" In tambayar ta mutu, labarin ya mutu, in labarin ya mutu kuwa, sai a tashi tsara wadda ta ke tsammani duniya da ita ta fara.

Mai dasa itacen 'ya'ya kuma yana koya mana wani abu da mai shuka gero ba ya koyarwa. Gero wata 3 ne ko 4, wanda ya shuka shi ne ya kan girbe. Amma wanda ya dasa mangwaro ko dabino da furfura a kansa ya sani mafi yawan 'ya'yan ba shi zai sha ba. Ya yi ban ruwa da rani, ya kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, domin mutanen da bai san fuskarsu ba. Irin wannan alheri ba ya barin takarda. Itacen ne takardarsa.

Shi ya sa nauyin zuciyar wan nan ba wauta ba ne. Abin da ya kāsa faɗa shi ne, gidan ba nasu su biyu kaɗai ba ne. Labarin Nabot cikin littafin Sarakuna na fari, sura 21, yana haskaka wannan. Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba. Ya yi tayi mai kyau, ko gonar inabi wadda ta fi ta Nabot, ko kuɗinta, domin yana so ya mai da wurin lambun ganyaye kusa da fādarsa. Bisa ga lissafin kasuwa Nabot ba zai yi hasara ba. Ya ƙi domin gādon kakanninsa ce, shari'ar Isra'ila kuwa, kamar yadda ta ke cikin Littafin Firistoci sura 25, ta koyar cewa ƙasa ta Allah ce, mutum baƙo ne a kanta, ba shi da ikon sayar da ita har abada. Mu ba mu zaune a ƙarƙashin dokar ƙasar Isra'ila, ba na kuwa cewa kowane mai tayin gida Ahab ne. Amma tushen maganar yana nan: abin da ka gāda amana ce ta ratsa ta hannunka, daga waɗanda suka wuce zuwa waɗanda ba a haifa ba tukuna. Su biyun nan ba su da baki a wurin ciniki, saboda haka wajibi ne wani mai rai ya tuna da su.

Gādo ba gunki ba ne

Yanzu kuma sai in juya ga wan, gama shi ma yana da nasa hatsari. Akwai riƙon da ya ke kashe gādo kamar yadda sayarwa ta ke yi. Mu sāke duban gidan Southwell. Da a ce ran da saurayin nan ya zo roƙo mahaucin ya ce, "Itacena ne, ba mai taɓa shi," ya kulle ƙofar lambu, me zai faru? Iyalinsa za su ci tuffa mai kyau 'yan shekaru, iskar 1900 ta zo, ko cutar saiwa, irin ya ƙare a wurin, ba wanda zai ji labarinsa. Ina da abin faɗa a kan mahaucin game da suna, amma dole in yaba masa a kan abu biyu: ya tarar da itacen da bai dasa ba, bai sare shi ba, da aka roƙi reshe kuma bai hana ba. Gidan ya zama abin tunawa ne saboda abin da ya fita daga cikinsa. Da ba a bayar ba, da ba abin da za a tuna.

Har halin itacen ma yana faɗin haka. Furen Bramley ba ya iya ɗaukar 'ya'ya sosai shi kaɗai, sai ƙudan zuma sun kawo masa garin fure daga waɗansu irin tuffa da ke kusa. Manoman da su ke dasa shi sun san dole su sa masa maƙwabta. Itacen da aka keɓe aka killace, ko da ya ke mai daraja ne, ba zai cika kwando ba.

Mun san gidaje irin wannan. Magada sun ƙi sayarwa, sun ƙi gyara, sun ƙi ba wani ya zauna. Soro ya rufta, gara ta ci azara, kauci ya shaƙe itatuwa, wurin ya zama kufai na macizai, amma in ka yi magana sai a ce gidan kakanmu ne. Wannan ba girmama kaka ba ne. Kaka ya dasa ne domin a sha. Akwai kuma wanda ya ke riƙe da tsohon gida don alfarma, domin a ce su ne 'yan asalin gari, yana raina baƙi, yana hana ƙannensa da 'yan'uwansa mata rabonsu da sunan kiyaye gādo. Mu tuna da macijin tagulla wanda Musa ya yi a jeji. Abin tuni ne na gaske, na ceton gaske. Amma da mutane suka shiga ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, Littafi kuwa ya lasafta wannan cikin ayyukansa na kirki. Shaida aikinta ta nuna wani abu gaba da kanta. Ran da ta tsare ido a kan kanta, ta bar aikinta.

Saboda haka darajar tsohon gida ta gaske ce, amma tana da iyaka. Ba ta kai darajar ran mutum ba. In ɗa yana kwance asibiti ba kuɗin magani, in gwauruwa da marayu ba su da abin sawa a baki, in riƙon gidan zai raba zumunci har 'yan'uwa su daina gaisawa, to, wanda ya sayar bai ci amanar kakansa ba. Kakan da ya yi ban ruwa da rani domin jikoki ba zai so a bar jika ya mutu domin a ceci itace ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar ba tare da an auna ba, don kawai farashi ya hau, kamar dai buhun masara ne.

Abin da na faɗa wa 'yan'uwan nan

Ban yanke musu shari'a ba, gama ni ba alƙali ba ne, gidan kuwa ba nawa ba. Na roƙe su su yi waɗansu abubuwa kafin su amsa wa attajirin, ina kuma roƙon kowane mai karatu da ya ke cikin irin wannan hali ya yi su.

Da fari, su kira dukan masu hakki, har da 'yan'uwansu mata da ke gidajen aure da gwaggonsu wadda aka haifa a gidan. Sau da yawa mata ne su ke riƙe da labarin gida, su ne kuma a kan manta da su ran ciniki.

Na biyu, su zauna da tsofaffi su rubuta abin da aka sani: wa ya kafa gidan, daga ina ya zo, wa ya dasa kowane itace, daga ina ya samo irin. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Ko an sayar ko ba a sayar ba, wannan aiki na gaggawa ne, gama tsofaffi ba sa jiran mu gama shawara. Wataƙila su ma za su tarar, kamar mutanen Southwell, sunan da a ke kiran gidan da shi ba na wanda ya yi wahalar ba ne.

Na uku, su tambayi kansu su wane ne su ke sha daga itatuwan nan yanzu. Na sani yaran unguwa suna tsinta, akwai matan da su ke sarin mangwaron su kai tasha, akwai tsofaffin da su ke hutawa a inuwar. Shari'ar ƙasa ba ta ba su rabo ba, amma mai tsoron Allah zai sa su cikin lissafi.

Na huɗu, su duba ko akwai hanya a tsakani. Ba kullum ne magana ta ke zama a sayar duka ko a riƙe duka ba. A kan iya yanka gefen da ke bakin hanya a sayar, a gyara sauran da kuɗin. A kan iya ba wani mai bukata ya zauna yana lura da wurin. In wan yana da hali, ya iya biyan ƙanen rabonsa sannu sannu. Ga wan na ce, "In kana son gidan, nuna da hannunka. Kada ka ɗora wa ƙanenka nauyin ƙaunar da kai ba ka yi mata gumi ba."

Na biyar, in sayarwa ta zama dole, kada a sa gatari sai an nemo mai iya aure ya yanki rassa daga itacen da ya fi daɗi. A yi dashe da yawa, kowane magaji ya kai gidansa, a ba maƙwabta, a dasa a makarantar gari, a faɗa wa yara sunan wanda ya dasa uwar. Wannan shi ne abin da Merryweather ya yi a 1856, shi ne abin da iyalin McIntosh suka yi kafin gobara ta zo. Ba su san ranar iska ko ranar wuta ba, amma ranar ta same su da rassa a hannun mutane.

Suka tashi suka tafi, ba su gama shiryawa ba, amma sun fita tare, suna maganar wace rana za su je wurin gwaggo. Har yanzu ina yi musu addu'a.

Ya ɗan'uwa mai karatu, wataƙila kai ba ka gāji gida ba, ba ka da abin sayarwa ko na riƙewa. Duk da haka ka sha inuwar da ba ka dasa ba, ka sha 'ya'yan itacen da wani ya yi wa ban ruwa tun ba a haife ka ba. Ba za ka iya biyan wannan mutum ba, gama ya riga ya tafi. Hanya ɗaya ce ta rage: ka nemi sunansa in yana samuwa, ka faɗa wa 'ya'yanka, sa'an nan damina mai zuwa ka haƙa rami ka sa dashe, ka kewaye shi da ƙaya. Allah ya ba mu zuciya mai godiya da hannu mai bayarwa. Amin.